Rigimar Jan Kwali da Shuɗin Kwali

Yau zancen fayafayan kallo za mu yi. Kada wani ya ce malam ya ajiye alli ya koma gidan sinima, domin maganar akwai lissafi a cikinta, akwai kuma kuɗin jama'a.

Baƙaƙe biyu ne suka jawo zancen, wato H da D. A shekarun da cinikin faifai ke tashe, duk wanda ya ratsa Kejetiya a Kumasi, ko ya bi ta Nima da dandalin Opera a Akra, ya ga kwalaye masu ƙyalli an dangwara musu waɗannan baƙaƙe, wasu ma har da tambarin Blu-ray, alhali abin da ke ciki ko hanyar garinsu bai sani ba. Yanzu cinikin faifai ya ja baya, amma baƙaƙen suna nan daram. Mai sayar da talabijin ta gwanjo zai ce maka tasa HD ce. Mai ɗaukar bidiyon biki ko na suna zai ce in kana son HD sai ka ƙara kuɗi. Mu kuwa sai mu ƙara, ba tare da mun tambayi abin da muke saya ba. To, manyan kamfanonin duniya sun taɓa yin kokawa ta kusan shekara biyu a kan wannan abu, daga 2006 zuwa 2008, kuma abin da ya faru a lokacin ya isa ya nuna mana daga inda kyawun hoto ke fitowa.

Hoton da ke fuskar talabijin ba shafe yake ba kamar fenti a bango. Ɗigo-ɗigo ne aka jera layi-layi, ido ya haɗa su ya ga mutum ko doki. Iyayenmu mata sun fi mu gane wannan, domin in za su sayi yadi sukan ɗaga shi sama su duba zarensa. Akoko zarensa tsalla-tsalla ne, shadda mai kyau kuwa zarenta a cushe yake. Faifan VCD, wanda ya fito a 1993, shi ne kuma ya shiga da finafinan Hausa da na Indiya kowane lungu na zango, ɗigo 352 gare shi a kwance, 288 a tsaye, a irin tsarin talabijin na ƙasarmu. In ka ninka, 101,376 ke nan. DVD, wanda ya fara fita a Japan a ƙarshen 1996, nasa 720 sau 576 ne, wato 414,720. Cikakken HD kuwa 1,920 sau 1,080, wato 2,073,600. Ɗan aji shida ma zai raba maka: ya ninka na DVD sau 5 cif, ya ninka na VCD sau 20 da 'yan kai.

Japan ce ta fara wannan tafiya. Gidan rediyo da talabijin na ƙasar, NHK, ya soma bincike tun cikin shekarun 1960, har ya fito da tsari mai layi 1,125 wanda aka raɗa wa suna Hi-Vision. A 1993 aka fara sayar da finafinai na wannan tsari a kan faifan LaserDisc, wani makeken faifai mai faɗin santimita 30, kamar faifan garmaho na da. Kowane gefe awa ɗaya yake ɗauka, sai a juya. Wanda ke son kallo sai ya sayi na'urar faifan, ya sayi wani akwati dabam mai warware hoton, sannan ya sayi talabijin ta musamman, saboda haka sai masu hannu da shuni. Dabarar da aka yi wajen cusa hoton a faifan kuma tana da nata aibi: duk abin da ke tsaye a hoto yakan fito tar, amma da ya motsa sai ya ɗan yi hazo-hazo. Kasuwar abin ba ta taɓa ƙetare Japan ba.

Abin da ya buɗe hanya shi ne launin haske. Faifai, in ka sa shi ƙarƙashin madubin bincike, ramuka ne ƙanana ƙwarai a jere, suna zagayawa daga tsakiya zuwa baki, kamar yadda mata ke naɗa kaba wajen saƙa faifan rufe ƙwarya, wanda shi ne ma ya ara wa wannan suna a Hausa. Wani siririn haske da ake kira leza ne ke bin ramukan yana karantawa. Tsawon zangon hasken da ke karanta CD nanomita 780 ne, na DVD ja ne mai 650, sabon kuwa shuɗi ne mai ɗan sirkin shunayya, 405. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Almajirin da ya feƙe alƙalaminsa ya yi tsini zai zuba rubutu mai yawa a allon da mai dakusasshen alƙalami zai cika da layi biyar. Haka shuɗin haske yake: ya fi tsini, sai ramukan su ƙara ƙanƙanta, faifai mai girman DVD ya ɗauki kaya ninki-ninki. Samar da wannan shuɗin haske ya gagari manyan kamfanoni shekara da shekaru, sai wani injiniya, Shuji Nakamura, ya ci nasara cikin shekarun 1990 a wani ƙaramin kamfani mai suna Nichia a tsibirin Shikoku. A 2014 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano saboda shuɗiyar fitilar da aikin ya faro daga gare ta, wadda jikokinta ne farare ƙwayayen lantarkin nan marasa cin wuta da muke kunnawa a gidajenmu.

Da haske ya samu sai rabuwar kai ta biyo baya. Kamfanin Toshiba da NEC suka ce a bar ginin faifai yadda DVD yake, wato rubutun yana can ƙasa da milimita 0.6 na roba, don masana'antun da ke buga DVD su ci gaba da aiki da ɗan gyara kaɗan. Nasu shi ne HD DVD, mai ɗaukar gigabait 15 a hawa ɗaya, 30 a hawa biyu. Sony da Panasonic da Philips da abokansu suka ce a'a, a matso da rubutun kusa da fuska, milimita 0.1 kacal, hasken ya ƙara tsini. Nasu shi ne Blu-ray, gigabait 25 a hawa ɗaya, 50 a hawa biyu. Sai dai rubutun da ke kusa da fuska ƙarzuwa kaɗan ke ɓata shi, shi ya sa na farko da aka sayar a Japan a 2003 a cikin kwanso yake, sai da aka samo wani shafi mai tauri kafin a fito da shi tsirara. Kuma buga shi na bukatar sababbin injuna. A 1995 an yi irin wannan jayayya kafin haihuwar DVD, kamfanonin kwamfuta suka taka musu burki har suka haɗu kan abu ɗaya. A 2005 an sake zama don a sasanta, zaman ya watse. Sai aka shiga kasuwa da fayafayai biyu masu girma ɗaya, na Toshiba a jan kwali, na Sony a shuɗi, kuma na'urar wannan ba ta karanta faifan wancan.

Kafin mu shiga kasuwar, akwai darasi ɗaya da sai an gane shi, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. Fim hotuna 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. In aka ba kowane ɗigo bit 24 don a faɗi launinsa, sai ka ninka 2,073,600 sau 24, ka sake ninkawa sau 24. Abin da za ka samu ya kusa megabit 1,200 a daƙiƙa guda. Shuɗin faifai kuwa iyakar abin da yake ba hoto megabit 40 ne a daƙiƙa, jan faifai bai kai 30 cif ba. Ke nan dole a matse hoton, a zubar da mafi yawansa, a bar abin da ake zaton ido zai nema. In mutum na magana a gaban bango, ba a sake aiko bangon sau 24, sai a ce yana nan yadda yake, a aiko motsin baki kawai. Inda dabarar ke shan wuya shi ne wurin da komai ke motsi lokaci ɗaya: ruwan sama, hayaƙi, ƙura, wuta, ganyen itace cikin iska. In wurin ajiya ya yi kaɗan, a nan za ka ga hoto ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai kamar tabarmar roba. Hanyoyin matsewa kuma suna da tsoho da sabo. MPEG-2 shi ne tsohon, na zamanin DVD. VC-1 na kamfanin Microsoft da AVC su ne sababbi, suna iya ba da kyau ɗaya da tsohon a wuri da bai kai nasa ba nesa ba kusa ba. Fayafayan biyu duk an tsara su su karɓi dukkan ukun. Zaɓi ya rage ga mai shirya faifan.

Toshiba ce ta riga fita. Ran 31 ga Maris, 2006 ta fara sayar da na'urarta a Japan, a tsakiyar Afrilu kuma a Amurka, ƙaramar dala 499, babbar dala 799. Na'urar kwamfuta ce kawai aka sa wa rigar bidiyo, in ka kunna ta sai ka yi jira na kusan minti ɗaya kafin ta farka. Amma da hoto ya fito, masu sharhi suka yaba. Finafinan farko, irin su The Last Samurai da Serenity, an matse su da sabuwar hanya, kuma akasarin fayafayan masu hawa biyu ne, wato gigabait 30.

A watan Yuni shuɗin faifai ya biyo baya, da na'urar Samsung ta kusan dala 1,000, ninki biyu na kuɗin abokiyar hamayya. A takarda shi ne babba, kowa na jiran ya ga abin mamaki. Sai aka ga akasin haka. Masana'antu ba su gama ƙwarewa da buga mai hawa biyu ba tukuna, saboda haka finafinan farko duk a gigabait 25 suka fito, ƙasa da 30 na jan faifai. Daɗin daɗawa aka matse su da tsohuwar hanya mai cin wuri, aka kuma zuba musu sauti wanda ba a matse ba sam, shi ma ya cinye nasa kason. Sannan aka gano cewa ita kanta na'urar an bar wani saiti nata na share datti a kunne, yana dusashe hoton, sai daga baya aka gyara. Abin da ya fi ba da kunya shi ne wani fim na 1997 mai suna The Fifth Element, na Bafaranshen nan Luc Besson, wanda masu son gwada talabijin suka daɗe suna alfahari da DVD ɗinsa. Da ya fito a shuɗin faifai sai ga shi da datti da dishi-dishi, domin kofin da aka ɗauko hoton daga gare shi ba mai kyau ba ne. Ɗigo miliyan biyu suna nan cif, ba wanda ya ɓace, amma abin da suka nuna tar shi ne dattin. Surutu ya yi yawa har a 2007 Sony ta sake aikin daga tushe, ta fito da sabo, ta kuma yarda a musanya wa waɗanda suka sayi na farko.

A ganina duk wanda ya fahimci labarin wannan fim ɗaya ya gama fahimtar HD. Faifai ma'aji ne kawai. Randa babba ba ta mai da ruwan kududdufi na rijiya.

Kafin shekarar ta ƙare shuɗin faifai ya farfaɗo. A Oktoba 2006 mai gigabait 50 na farko ya fito, kamfanoni kuma suka koma sababbin hanyoyin matsewa. Daga nan bambancin hoto tsakanin jan kwali da shuɗi ya zama abin musu a bakin 'yan gani-kashe-ni kawai. Hujja mafi ƙarfi ita ce ta kamfanin Warner, wanda ke fitar da finafinansa a duka biyun: sau da yawa matsi ɗaya yake yi ya zuba a nan ya zuba a can, hoton iri ɗaya ne ɗigo da ɗigo. Duk da haka ba a rasa masu rantsuwa cewa nasu ya fi haske ba. Mutum in ya zuba dala ɗari biyar a abu, idonsa ma yakan shiga jam'iyya.

Tunda hoto ya zo ɗaya, me ya raba gardama? Na farko na'urar wasan yara. A Nuwamba 2006 Sony ta fito da PlayStation 3, ta kuma sa mata makarancin Blu-ray a ciki, tana sayar da ita dala 499 da 599, a kan hasara. Duk gidan da aka saya wa yaro wasa, na'urar shuɗin faifai ta shiga ke nan ba da niyya ba. Microsoft, wanda ke bayan Toshiba, nasa makarancin HD DVD dabam ake saye a jona wa Xbox 360, dala 199. Sai kuma masu finafinan. Disney da Fox da Sony shuɗi kawai suke yi, Universal ja kawai. A Agusta 2007 Paramount da DreamWorks Animation suka koma ja zalla, jaridun Amurka kuma suka ruwaito cewa an yi musu ihsanin da ya kai dala miliyan 150. Toshiba ta karya farashi, har a Nuwamba aka yi wata garaɓasa ta dala 99 a kantunan Walmart, jama'a suka yi wawa. Duk da haka a shekarar 2007 shuɗin faifai ya riƙa sayuwa kusan biyu a duk ɗaya na ja a Amurka. Ran 4 ga Janairu, 2008 Warner ya ce ya zaɓi shuɗi. Cikin mako shida manyan kantuna da masu ba da hayar fim suka bi sahu, ran 19 ga Fabrairu kuma Toshiba ta sanar cewa ta daina. Shekara biyu ba ta cika ba.

Na'urori kimanin miliyan ɗaya aka riga aka sayar. Waɗanda suka yi layi don garaɓasar Nuwamba ko wata huɗu ba su yi suna murna ba. Wasu kantuna sun ɗan ba da takardar rangwame don sanyaya zuciya, amma wanda ya tara finafinai hamsin a jan kwali ya san cewa ran da na'urarsa ta mutu, su ma sun mutu. Dattawa a cikinmu za su tuna an yi irin wannan da kaset, tsakanin Betamax na Sony da VHS na JVC. A wancan karo Sony ce ta sha ƙasa, har ta koma yin VHS a 1988. Ba na ganin laifin masu saye a nan. Laifin na kamfanonin da suka san sarai ɗaya zai mutu, suka gwammace a gwada a aljihun mutane.

Wani zai zaci da rigima ta ƙare sai hoto ya gyaru gaba ɗaya. Ina! Sai wata sabuwar cuta ta ɓullo. Fim ɗin da aka ɗauka a kan zaren majigi yana da wani ɗan tsakuwa-tsakuwa a jikinsa, kamar rairayi mai laushi, domin da ƙwayoyin sinadari hoton ya ginu. Wannan tsakuwar ita ce hoton kansa. Amma wasu masu saye da suka ga haka a sabuwar talabijin sai suka ce datti ne, kamfanoni kuma suka sa kwamfuta ta goge. Da ta goge tsakuwar sai ta tafi da ramukan fata, da gashin gemu, da zaren riga. Fim ɗin Predator na 1987, na jarumin nan da yaranmu ke kira Kwamando, da aka sake fitar da shi a 2010, fuskarsa ta koma sumul kamar an ƙera ta da kakin zuma, mutumin da ke tsakiyar daji cikin gumi da taɓo. An yi wa Patton haka a 2008, sai da aka sake shi a 2012. Gladiator ma na 2009 ya sha suka har aka sake shi a shekarar da ta biyo. Irin wannan gogewa ce wayoyinmu ke yi wa fuskokin amare a yau, har uwa ta kasa gane 'yarta a hoto. Talabijin da yawa kuma suna zuwa da saitin a kunne daga kanti, kuma ana iya kashe shi.

Mu dawo gida. Shuɗin faifai na gaskiya bai taɓa yin kasuwa a zangunanmu ba, mun tsallaka ne daga VCD da DVD zuwa waya da kati. Amma sunansa ya yi kasuwa. Ku tuna fayafayan nan masu fim goma a ciki, da tambarin Blu-ray a goshi. DVD ne zalla, shaida kuwa ita ce na'urar DVD ta gida tana karanta su, alhali jan haske ba ya iya karanta shuɗin faifai ko kusa. Mu yi musu adalci mu ce masu hawa biyu ne, gigabait 8.5. Raba wa fim goma, kowanne ya samu megabait 850. In fim awa biyu ne, daƙiƙa 7,200 ke nan, sai kowace daƙiƙa ta tashi da abin da bai kai megabit ɗaya ba, hoto da sauti duka. Tsohon VCD da muke rainawa megabit 1.15 yake ba hoto shi kaɗai. Wato wanda ya sayi wannan faifai da sunan ci gaba, baya ya koma.

Haka zancen tsofaffin finafinan Hausa. Turmin Danya, wanda aka yi a Kano a 1990, da waɗanda suka biyo bayansa a shekarun farko, da kyamarar bidiyo ta wancan zamani aka ɗauke su, a kaset kuma aka sayar. Abin da kyamara ba ta kama ba a ranar, babu injin da zai dawo da shi. Ana iya share ƙura, a daidaita launi, a faɗaɗa hoton ya cika allo, ana ma iya sa kwamfuta ta yi cikon abin da take zato, amma wannan zato ne. In ka ga an rubuta HD a kan irin waɗannan, ka saya don labarin da 'yan wasan.

Cikin kayan gwanjon da ke sauka daga Turai ba a rasa gawarwakin wancan yaƙi. In ka ga na'ura an rubuta HD DVD a goshinta, ba za ta karanta Blu-ray ba, sababbin finafinai kuma an daina buga mata tun 2008. Tana dai karanta DVD da CD lafiya lau, saboda haka kuɗin na'urar DVD za ka biya, kada a ɗora maka ko sidi ɗaya don baƙaƙen. In Blu-ray ce, ka sani an raba duniya shiyya uku, A da B da C. Afirka da Turai suna B, Amurka tana A, kuma faifan da aka kulle wa wata shiyya ba ya buɗewa a na'urar wata. Jan faifai shi ba shi da wannan kulle, yana daga cikin 'yan abubuwan da ya fi abokin hamayyarsa da su. Kuma a gwada kowane tsohon faifai kafin a biya, ko da fuskarsa na ƙyalli. Faifai yakan ruɓe daga ciki. A 2025 kamfanin Warner da kansa ya amsa cewa wasu DVD ɗinsa da aka buga tsakanin 2006 da 2008 suna lalacewa, masu tara jan kwali kuma sun daɗe suna irin wannan kuka.

Akwai kuma zancen wurin zama, wanda ba mai sayar da talabijin da zai gaya maka. Injiniyoyin NHK sun tsara hoton ne don mai kallo ya zauna nesa da allo kamar tsayin allon sau uku. Talabijin mai inci 32 tsayin fuskarta kimanin santimita 40 ne, wato mita 1.2 ke nan. A falon da mai gida ke kishingiɗe mita uku ko huɗu daga allo, ido ba ya iya rarrabe ɗigon, cikakken HD da wanda bai kai shi ba duk ɗaya suke a wurinsa. Yaran da ke zaune a tabarma gaba-gaba su ke cin ribar kuɗin.

Shi kansa shuɗin faifan da ya ci yaƙi yanzu tsufa ya kama shi. An yi masa ƙane a 2016 mai ɗigo 3,840 sau 2,160, amma jama'a sun koma kallo ta intanet. Samsung, wanda ya yi na'urar farko, ya daina fitar da sababbi a Amurka a 2019, LG ya bi baya a ƙarshen 2024, Sony kuma ta daina yin fayafayan Blu-ray na ɗauka a 2025. Sai dai lissafinmu na ɗazu bai tsufa ba. HD na intanet sau da yawa 'yan megabit kaɗan yake samu a daƙiƙa, inda faifai ke ba da ashirin ko talatin, kuma ko da yake hanyoyin matsewa sun ƙara wayo, in dare ya yi a cikin fim ko ruwa ya sauko za ka ga bambancin.

Saboda haka in mai ɗaukar bidiyon biki ya ce HD zai yi maka, ka tambaye shi wace kyamara, ka tambaye shi fitila nawa zai kawo in walimar ta dare ce, domin kyamara cikin duhu hazo take ɗauka ko ɗigonta miliyan nawa ne. Ka ce ya nuna maka aikinsa na baya a talabijin babba, wurin rawa da turereniya, kada ka yarda da na fuskar waya. In ya gama, ka karɓi ainihin aikin a kati ko a ma'ajin kwamfuta, ka duba nauyinsa: bikin awa biyu da ya zo maka a megabait 500 an riga an matse shi ya mutu. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin bidiyo an sake matse shi a hanya, sai in an turo shi a matsayin takarda. Kasusuwan bikin iyayenmu da fayafayan sunan 'ya'yanmu da ke cikin akwati kuwa, a kai su a juye tun ana samun na'urar da ke karanta su, a ajiye kofi biyu a gida biyu.